Nauyi da Bakin Kwale-kwale: A Shata wa Jiragen Fito Layin Lodi

A tafkunan Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai wani wasa da matasa ke yi, wanda in aka ba ɗan fito na ƙasar Ajingi labarinsa zai ɗauka tatsuniya ce. Jirgin ruwa mai inji ne ke gudu yana jan mutum da igiya mai tsawon kimanin mita 20, shi kuwa mutumin yana tsaye a kan ɗan allon da aka ɗaure masa a ƙafa. Abin da yake nema shi ne taguwar ruwan da jirgin ke tayarwa a bayansa, domin ita yake hawa ya yi tsalle ya wuntsila a sama. Da masu wasan suka ga taguwar ba ta kai girman da suke so ba, sai suka shiga ƙara wa jirgin nauyi da gangan. A jiragen yanzu akwai tankuna da jakunkunan roba a ƙarƙashin daɓe, waɗanda famfo ke cikawa da ruwan tafkin, har nauyinsu ya kai tan ɗaya ko fiye. In an gama wasa sai a zuƙe ruwan a mayar da shi inda aka ɗebo.

Dalilin wannan dabara yana cikin littafin Fiziks na kowane ɗalibin babbar sakandare. Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), shi ne ya bayyana cewa duk abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce. Saboda haka jirgin da aka ƙara wa tan ɗaya tilas ne ya ƙara nutsewa har sai ya ture ƙarin lita 1,000. Idan ya fara gudu, wannan ruwa mai yawa da yake kawarwa daga gabansa shi ne ke taruwa ya koma taguwa. Su kan fi danne bayan jirgin, domin ya tona rami mai zurfi a cikin ruwa, taguwar ta fito da tsayi.

To, amma ba a samun wannan a banza. Gwargwadon nutsewar jirgi, gwargwadon raguwar tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakinsa, kuma wannan 'yar tazara ita ce katangar da ke tsakanin mutanen ciki da halaka. Masu wasan sun san haka. Sun san cewa jirgin da aka danne, in direba ya tsaya farat ɗaya ko ya juyo cikin taguwar da shi kansa ya tayar, ruwa na iya kwararowa ciki. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan jirage ke manna ɗan allo mai ɗauke da iyakar mutane da iyakar nauyin da jirgin zai ɗauka, mai hankali kuma yakan lissafa ruwan da ya ƙara a cikin wannan iyaka. Wato mutanen da ke yi wa jirgi lodi don nishaɗi kawai, da awo suke yi.

A mashigan kogin da ya ratsa Wudil ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja, lodin ba na nishaɗi ba ne. Na neman abinci ne. Ruwan da ya taho daga kogin Kano da na Challawa, wanda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ke riƙewa suna saki, yakan cika ya batse a watan Agusta da Satumba. A irin wannan lokaci manomin da gonarsa ke tsallake, da mai zuwa cin kasuwa, da ɗalibi, duk kwale-kwale ne gadarsu. Dokar Arkimidis ɗaya ce a Amurka da Ajingi. Abin da ya bambanta shi ne, a nan babu allo, babu alama, sai idon ɗan fito da kuma roƙon fasinjan da ya makara.

Bari a ɗauki misali wanda malami zai iya rubutawa a allo. A ce kwale-kwale ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda faɗin wurin da ya mamaye a fuskar ruwa ya kai murabba'in mita 6. Duk santimita ɗaya da ya nutse, ya ture lita 60, wato kilogiram 60, kusan nauyin baligi ɗaya ke nan. Ashe kowane fasinja yana cinye santimita ɗaya daga waccan katanga. Buhun masara mai kilo 100 yana cinye kusan biyu, babur ma haka. Mutum goma na ƙarshe, waɗanda ake cewa a matsa musu ai 'yan'uwa ne, sun tafi da santimita 10. Idan abin da ya rage bai wuce faɗin tafin hannu ba, ba sai an yi guguwa ba: taguwar jirgi mai inji da ya gifta ta isa, ko mutum uku su karkata gefe ɗaya a lokaci guda.

Yawan nauyi kuma rabin zancen ne. Ɗaya rabin shi ne inda aka aza shi. Nauyin da ke kwance can ƙasa yana taimakon jirgi ya tsaya daidai, shi ya sa jiragen teku na dā ke zuba duwatsu a gindinsu. A ranar 10 ga Agusta, 1628, jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya kife a tashar Istokholm bayan tafiyar da ba ta wuce mita 1,300 ba, domin samansa ya yi nauyi da benaye da igwa, duwatsun gindinsa kuwa ba su isa ba. Iska kaɗan ta buso ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa. Fasinjan da ya miƙe tsaye cikin kwale-kwale, ko kayan da aka jibga suka yi tozo, irin wannan aibi suke jawowa. Akwai kuma abin da aka fi rainawa, wato ruwan da ya yoyo ya kwanta a cikin jirgi. Masu wasan can suna kulle nasu ruwan cikin tanki don kada ya motsa. Wanda ke kwance sake a gindin kwale-kwale kuwa, da zarar jirgi ya ɗan karkata sai ya gangara wannan gefen ya ƙara danne shi. Yaron da ke kwarfe ruwa da ƙwarya babban aiki yake yi, ko da ba wanda ya gaya masa.

Jihar Kano ta ɗanɗani ɗacin wannan lissafi. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka ruwan madatsar Watari zuwa Bagwai ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Maulidi. Hukumomi sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce kima. Allah Ya jiƙansu. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana a auna abin da ke aunuwa ba.

Maganin da ya fi araha an daɗe da gano shi. A Ingila ta ƙarni na 19, masu jiragen kasuwanci kan cika su fiye da kima, matuƙa na halaka a teku. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutika har aka yi dokar 1876, wadda ta tilasta a zana alama a jikin jirgi: in ruwa ya rufe ta, lodi ya wuce. Sai dai dokar ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana alamar, kuma kowa ya san inda mai neman riba zai kai ta. Sai a 1890 aka mayar da tsayar da wurin alamar hannun hukuma. Har yau manyan jirage na ɗauke da wannan alama, da layuka daban-daban don ruwan daɗi da na gishiri, da lokacin zafi da na hunturu.

Irin wannan layi ya kamata a shata wa kowane kwale-kwalen fito a Ajingi da Gaya da Wudil, da fenti mai haske, ciki da waje, yadda fasinjan da bai taɓa shiga aji ba zai gane shi tun daga gaɓa. Layi biyu ma ya fi: na rani a sama, na damina a ƙasa da shi, don jirgi ya tashi da sauƙin kaya lokacin da ruwa ke da ƙarfi. Kuma kada a maimaita kuskuren 1876. Tsayar da wurin layin aikin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1997, tare da injiniyoyin jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Wudil, da Sarkin Ruwa na kowane mashigi, wanda ya fi kowa sanin halin kogin.

Za a ce ɗan fito talaka ne, rage masa mutum biyar a sawu rage masa abinci ne. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi watsi da wannan magana layinsa ba zai wuce mako guda ba. Amma sau da yawa ba shi ke son lodin ba, fasinjoji ne ke tilasta masa, ga magariba ta gabato, ga dattijo yana roƙo, ga kunyar ido. Layin fenti yana ba shi abin nunawa, ya ce ba shi ya hana ba. Idan kuma aka shata wa jiragen mashigi duka rana ɗaya, babu wanda zai ƙwace wa wani fasinja, sawu ne kawai zai ƙaru. Layi ba zai maye gurbin rigar ceto ko hana fiton dare ba, amma galan ɗaya na fenti ya ishi jirage da dama.

Awon kansa kuwa ɗaliban Fiziks na iya yi ƙarƙashin kulawar malaminsu da masu jirgin. A kai kwale-kwale wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, a ɗaure shi, a riƙa sa jarkoki masu lita 25 cike da ruwa, huɗu huɗu, ana auna tazarar bakin jirgi da rula bayan kowane kilo 100, ana rubutawa. Daga wannan jadawali injiniya zai faɗi mutum nawa ko buhu nawa ke kai jirgin ga layi. Lokacin yin aikin shi ne tsakanin Fabrairu da Mayu, sa'ad da kogi ya janye, jirage ke kife a kan yashi ana yi musu gyara.