KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, yau batun wani makami mai linzami za mu yi, wanda Faransa ke ƙerawa don hallaka jiragen ruwa. Sunansa Exocet, wai da harshensu kifi mai tashi. Kada wani ya ce ina ruwan talaka da wannan, domin da harajin talaka ake sayensa, kuma ɗan talaka yake ƙonawa.

Ga yadda yake. Irin wanda jirgin sama ke harbawa, tsawonsa bai kai mita 5 ba, amma yana ɗauke da nakiya mai nauyin kilo 165, yana gudun fiye da kilomita 1,000 a awa, yana iya kai wa kilomita 70. Da an sake shi sai ya sauko ya bi fuskar teku, tsakaninsa da ruwa 'yan mitoci kaɗan. Da yake duniya a kewaye take, na'urar rada ta jirgin ruwa ba ta hango shi sai ya matso. In ya kusa, sai ya kunna tasa radar da ke hancinsa, ya nemi jirgin da kansa. Abin da ya rage wa matuƙa su yi dabara bai fi minti ɗaya ko biyu ba.

To, wa ya ci ribarsa? A 1982 Janar Galtieri na Ajantina ya ga tsadar rayuwa ta harzuƙa mutane, sai ya mamaye tsibiran Falkland don a manta da yunwa. Exocet biyar kacal na jirgin sama ke hannunsa. Ran 4 ga Mayu ɗaya ya sami jirgin yaƙin Ingila, Sheffield, mutum 20 suka mutu, jirgin ya nutse bayan kwana 6. Ran 25 ga wata aka harbi Atlantic Conveyor, mutum 12 suka tafi. Amma me ya biyo baya? Ajantina ta sha kashi, ta rasa mutum 649, Ingila ta rasa 255, Galtieri kuwa ya faɗi a watan Yuni. Faransar da ta sayar masa da makamin, ita ce ta hana shi ƙari da yaƙi ya ɓarke, ta kuma taimaki Ingila. Bayan haka kasuwar Exocet ta buɗe a duniya. Jinin matasa ya zama talla!

Ta sayar wa Iraƙi ma, wadda ta yi ta harbin jiragen dakon mai a yaƙinta da Iran. Ran 17 ga Mayu 1987 jirgin saman Iraƙi ya harba biyu a kan Stark na Amurka, sojojin ruwa 37 suka mutu, alhali ƙasashen biyu ba yaƙi suke yi ba.

Masu mulki za su ce tsaron ƙasa ne. Mun ji, ƙasa tana bukatar tsaro. Amma wane irin tsaro ne wannan da mabuɗinsa ke aljihun dillali, in ya ga dama ya ba ka, in ya ga dama ya hana? Kuma shin makami ya taɓa rufa asirin gwamnatin da ta kasa ciyar da mutanenta? A tambayi Galtieri.

Saboda haka muna kira ga wakilan jama'a a kowace majalisa: duk ran da aka kawo kasafin sayen makamai, ku nemi a faɗi farashi a fili, a faɗi dillalin, a faɗi abokin gaban da ake tsoro. Wanda ya ƙi amsawa, kada ku ba shi ko anini.