Wa Zai Ba Da Labarin Kafanchan?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo cikin aikin jarida a ƙasar nan. Ma'aikacin da jama'a suka saba ganin fuskarsa a telebijin, ko suka saba karanta sunansa a manyan jaridu, sai a wayi gari ya ajiye aiki, ya sayi kwamfuta da wayar hannu, ya buɗe tasa jaridar a intanet. Ba ya bukatar injin ɗab'i, ba ya sayen takarda, ba ya neman motar da za ta kai jarida Sakkwato kafin gari ya waye. Kowane yanki na Nijeriya yana da rabonsa cikin wannan al'amari, amma da wuya a sami inda ya fi bukatar irin wannan jarida, kuma inda ta fi zama abin tsoro, kamar Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna.

Dalilin da ke sa mutum ya bar telebijin ba ɓoyayye ba ne. Gidan telebijin yana da mai shi, in ba gwamnati ba, to attajiri, kuma kowanne daga cikinsu yana da wanda ba ya so a taɓa. Bayan mai gida kuma akwai Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Telebijin ta Ƙasa, watau NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ce mai ba da lasisi, ita ce kuma mai karɓewa. A watan Agusta na 2022 hukumar ta ci tarar gidan Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri da ya yi a kan 'yan bindigar daji. Duk editan da ya ji wannan labari ya san abin da ake nufi, ko ba a aiko masa da takarda ba.

Wadda ta fi shahara a duniya wajen bin wannan hanya ita ce Maria Ressa ta ƙasar Filifin. Ta yi kusan shekara ashirin tana yi wa gidan telebijin na CNN aiki a Manila da Jakarta, sa'an nan ta shugabanci sashen labarai na ABS-CBN, babban gidan telebijin na ƙasarsu. A 2012 ita da wasu abokan aikinta suka buɗe jaridar intanet mai suna Rappler. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. A watan Mayu na 2020 aka rufe tashar ABS-CBN saboda wa'adin lasisinta ya ƙare ba a sabunta ba, sai allo ya yi duhu. Ita kuwa Rappler, duk da an kama mai ita a 2019, an same ta da laifin ɓata suna a 2020, ba a iya kashe ta ba. A 2021 aka ba Maria Ressa kyautar Nobel ta zaman lafiya, tare da Dmitry Muratov na Rasha.

A nan Arewa ma an ga irinsu, ko da yake yawancinsu daga jaridar takarda suka fito. Jaafar Jaafar ya kafa Daily Nigerian, wadda a watan Oktoba na 2018 ta fitar da hotunan bidiyo da ta ce suna nuna Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, maganar ta kai gaban Majalisar Dokokin jihar da kotu, shi kuwa ɗan jaridar a 2021 ya fice zuwa Ingila don tsoron ransa. Ahmad Salkida ya kafa HumAngle a 2020, ta mai da hankali ga rikice-rikice da halin 'yan gudun hijira. A Bauchi kuma akwai WikkiTimes ta Haruna Mohammed Salisu, wanda aka kama a ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 yana bakin aiki. Wannan ta Bauchi ita ce ta fi kama da abin da ake magana a kai, domin jarida ce ta yanki, mai bin diddigin rijiyar burtsatse da asibitin ƙauye da aka ba da kwangilarsu ba a yi ba.

To, a dawo Kafanchan. Garin jirgin ƙasa ne. Tun kafin 1930 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya iso nan, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Dogo ya tara mutane iri-iri, Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Atyap da Ham, da Hausawa da Fulani, da Ibo da Yarabawa, suka zauna kasuwa ɗaya. A wancan zamani labari yakan sauka Kafanchan tare da fasinja. Amma labarin Kafanchan kanta, tun daga lokacin har zuwa kwanan nan, a wani wuri ake rubuta shi. Wakilan manyan jaridu da gidajen telebijin a Kaduna suke zaune, tafiyar sa'o'i a mota, Jos ma ta fi kusa. Ba su cika zuwa ba sai an ce an ƙona gari. In sun zo kuma, su ɗauki hoton hayaƙi, su ji ta bakin kakakin 'yan sanda da shugaban wannan ƙungiya da na waccan, su juya kafin a rufe hanya. Saboda haka mutumin Gusau ko na Azare, in an ce masa Zangon Kataf, ba abin da ke zuwa ransa sai faɗan 1992. Ba a taɓa gaya masa cewa mutanen wurin suna noma, suna aure, suna kai yara makaranta ba.

Illar labarin nesa kuwa, wannan yanki ya ɗanɗana ta fiye da kowa. Ranar Jumma'a 6 ga watan Maris na 1987 rigima ta tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, a kan wani wa'azi. Ta fita daga makaranta ta shiga gari. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kama Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada masu yawa, aka yi asarar rayuka. Masu nazari da dama sun ɗora wani kaso na laifin a kan yadda Rediyon Tarayya na Kaduna ya riƙa ba da labarin abin da ya faru, domin mutanen da suka fita da fetur da ashana a waɗannan garuruwa, galibinsu ba su taɓa taka Kafanchan ba. Ji suka yi.

Abin mamaki, bayan kusan shekara talatin, sunan wannan kwaleji ya sake fitowa, a mazauninta na Gidan Waya. A watan Janairu na 2017, lokacin da hankula ke tashe saboda hare-haren da aka kai Godogodo da Goska a shekarar da ta gabata, labari ya bazu cewa makiyaya sun tare mota sun kashe ɗaliban kwalejin su biyar. Jaridar Vanguard ta buga, da sunan wakilinta Luka Binniyat. Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin mawaƙa, ya yaɗa a Twitter. Hukumar kwalejin ta ce ba ta rasa ɗalibi ko ɗaya ba. Maikori ya fito ya janye, ya nemi gafara, ya ce direbansa ne ya yi masa ƙarya. Duk da haka aka kama shi a Ikko, shi kuwa Binniyat ya yi wajen wata uku a gidan kurkuku na Kaduna. Daga baya wata Babbar Kotun Tarayya ta ce kamun da aka yi wa Maikori ya saɓa wa doka.

Wannan labari baki biyu gare shi, kuma wanda ya ɗauki baki ɗaya ya bar ɗaya bai yi adalci ba. Gwamnati ta wuce gona da iri, kotu ma ta faɗa. Amma labarin ƙarya ne, kuma irin ƙaryar da kan sa a tare hanya a fitar da matafiyi daga mota a tambaye shi sunansa. Waɗanda suka yaɗa shi ba baƙi ba ne, 'yan yankin ne masu kishinsa. Ashe zama ɗan gari kaɗai ba ya isa. An ce da ɗan gari akan ci gari, to wannan karin magana ta kowane ɓangare tana yanka. Waya guda da za a buga wa magatakardan kwalejin da ta kashe maganar tun ba ta fita ba. A babban gidan telebijin akwai edita wanda aikinsa ke nan, ya tare labari ya ce wa ya faɗa, wa ya gani, gawa nawa ka ƙirga da idonka. Mutumin da ya bar gidan ya buɗe tasa jarida ya rabu da mai gida mai hana shi magana, amma ya rabu da wannan editan ma, ya rabu da lauyan kamfani. Shi ne wakili, shi ne edita, shi ne mai neman talla, shi ne kuma wanda 'yan sanda za su ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Maganar ƙwanƙwasa ƙofa ba zato ba ce. A 1984 Doka ta 4 ta mulkin soja ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian kurkuku. Ta zamanin nan ita ce dokar laifuffukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, wanda sai a 2024 aka yi masa gyara bayan dogon ƙorafi. Da ita aka tuhumi shi dai Binniyat a watan Nuwamba na 2021, a kan abin da ya rubuta wa wata jaridar Amurka game da kisan mutum fiye da 30 a ƙauyen Madamai na Ƙaramar Hukumar Kaura, bai fito ba sai farkon 2022. A wannan shekara ta 2021 ne kuma aka toshe Twitter a ƙasar baki ɗaya na tsawon wata bakwai, aka kuma katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna don yaƙi da 'yan bindiga. Jaridar da ba ta da takarda, ranar da aka kashe layi ba ta da komai.

Sai batun abinci, wanda shi ne ke kashe irin waɗannan jaridu a ɓoye. Kuɗin talla na intanet mafi yawa Google da Facebook ke kwashewa. Mai shagon kayan gini a Kafanchan ba shi da kasafin talla. Abin da ya rage shi ne saƙon taya murna daga shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan abin goro a ambulan bayan taron manema labarai, ko kuwa tallafin gidauniyoyin ƙasashen waje ga wanda ya iya rubuta takardar nema. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, an san sauran. A yankin da ƙungiyar ƙabila da ta addini kowacce ke neman bakin da zai yi magana da yawunta, mai jarida zai sami masu ɗaukar nauyinsa da sauri, in dai ya yarda ya riƙa ƙirga gawawwakin ɓangare ɗaya. Bayan zaɓen 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 800 suka mutu a jihohin Arewa cikin kwana uku, fiye da 500 daga ciki a kudancin Kaduna, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da kewaye, yawancinsu Musulmi. A hare-haren shekarun da suka biyo baya kuma ƙauyukan Kirista ne suka fi binne mutane. Jaridar da za ta iya buga waɗannan jimloli biyu a shafi ɗaya, ita ce yankin bai samu da yawa ba.

Duk da haka, tsohon ma'aikacin telebijin yana da wani jari da sauran ba su da shi. An horar da shi cewa ba labari sai an je wurin, domin kyamara ba ta ɗaukar jita-jita daga ofis. Ya saba da murya da hoto, waɗanda ke isa ga tsohuwar da ba ta karatun boko. Yana kuma iya gane hoton da aka ɗauko daga wata ƙasa aka liƙa wa sunan wani ƙauye, irin waɗanda binciken BBC ya nuna sun rura wutar rikicin Jihar Filato a watan Yuni na 2018. Sai dai yawancin masu rubutu a kan kudancin Kaduna da Turanci suke yi, don kunnen Abuja da ƙasashen waje. Alhali a kasuwar Kafanchan da ta Kachia da ta Kwoi, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a majami'u da yawa. Bajju da Bafulatani in sun haɗu a kan iyakar gona, da Hausa suke faɗa, da ita kuma suke shiryawa. Jaridar yanki da ta ƙi wannan harshe ta zaɓi masu karatunta ke nan, kuma ba maƙwabtanta ba ne.

Labaran da ke jiran mai ɗauka kuwa suna da yawa, ba su da hayaƙi ne kawai. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, ya kamata a ce akwai mai bin sawun alkawuran da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta, amfanin gonar da Kachia da Jaba da Kagarko suka dogara a kai, aka ƙiyasta asarar da ta kai naira biliyan 12. Manomin da ya ci bashi ya sayi iri yana so ya san ko irin bana lafiyayye ne, nawa buhu yake a kasuwar mako, wa aka rubuta cikin masu karɓar tallafi, wa kuma ya karɓa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da asibitin tunawa da Sir Patrick Yakowa na Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ta kuma karɓi Jami'ar Nok ta Kachia ta mai da ita jami'ar tarayya. Ranar sanarwa kowace tasha ta ɗauka. Likita nawa suka kama aiki bayan nan, ɗakin tiyata yana da wuta da dare ko babu, yaran ƙauyukan Sanga da Kauru nawa suka sami gurbin karatu, waɗannan sai wanda ke kwana a garin, wanda zai iya hawa babur ya je ya tambaya ranar Talata, ya koma ranar Alhamis in an ce masa mai ofishin ya fita.