Ciwon Sukari: Kada Mu Jira Sai Kiyashi Ya Gaya Mana

A yawancin majami'unmu da wuya a yi wata guda cur magatakarda bai miƙe lokacin sanarwa ya ce wane ya rasu "bayan gajeriyar rashin lafiya" ba. Sai wuri ya yi tsit, a sa ranar jana'iza, a wuce zuwa sanarwa ta gaba. Amma in mutum ya je gidan makoki ya zauna da iyalin, sau da yawa wani labari dabam zai ji. Matar marigayin za ta ce ai ya fi shekara biyu ba ya barcin kirki saboda yawan tashi fitsari. Ɗansa zai ce tun bara wandunansa suka yi masa yawa. Maƙwabci kuma zai tuna da wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa tun damina. Ashe rashin lafiyar doguwa ce, ganewar ce ta zo a ƙurarren lokaci.

Ba mu ce duk irin wannan mutuwa ciwon sukari ne ke jawo ta ba. Abin da muke faɗi shi ne, ciwon sukari, wanda wasu ke kira ciwon suga, yana cikin cututtukan da kan zauna a jikin mutum shekara da shekaru mai shi bai sani ba. Don haka ra'ayinmu a yau guda ɗaya ne: kada baligi ya jira sai ya ji ciwo kafin ya ba da ɗan yatsansa a gwada jininsa.

Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga wajen miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya kuma, a ƙididdigarta ta 2021, ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Babu wani yanki na duniya da ya kai namu girman kason waɗanda ba a gano ba. Wato in masu ciwon goma suka zauna a benci ɗaya ran Lahadi, biyar ko shida daga cikinsu za su ce lafiyarsu ƙalau, kuma ba ƙarya suke yi ba, iyakar abin da suka sani ke nan.

Yaya ciwon yake aiki har ya iya ɓuya haka? Tuwo, shinkafa, doya, acca, dankali, duk in mun ci sai jiki ya narkar da su su zama sukari, ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin kamar na mabuɗi ne: shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. In insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini, tsoka kuwa tana zaune da yunwa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suna da nau'i na biyu, wanda ke zuwa sannu a hankali, ba zazzaɓi, ba ciwon kai mai kwantarwa.

Daga nan alamomin suke fitowa. In sukari ya yi wa jini yawa, ƙoda kan zubar da shi cikin fitsari, shi kuma sukarin ya ja ruwa ya fita da shi. Shi ya sa ake yawan fitsari, musamman da dare, ga ƙishirwa wadda ko randa aka shanye ba ta tafiya. Tun da abinci ba ya isa inda ake bukatarsa, sai mutum ya yi ta ci amma yana ramewa, ga kasala ba dalili. Wasu kan ga gani yana yi musu hazo-hazo. Wasu kan ji tafin ƙafa yana zafi kamar an shafa barkono, ko ya mutu ba sa jin taku. Akwai yawan maruru, da rauni mai jinkirin warkewa, da ƙaiƙayin gaba mai tafiya yana dawowa ga mata, da raunin mazakuta ga maza, da fatar wuya ko hammata da kan yi baƙi ta yi kauri.

Matsalarmu ita ce kowace alama mun riga mun ba ta wani suna. Ƙishirwa, ai zafin bazara ne. Kasala, ai maleriya ce ko taifod, sai a wuce kemis a sayi ƙwaya. Raunin mazakuta, basir ne. Ƙaiƙayi, ciwon sanyi ne. Hazon ido, tsufa ne, a sayi tabarau a kasuwa. Rama kuwa in ta yi tsanani sai a fara raɗe-raɗi, wasu su ce cutar zamani ce, wasu su ce hannu aka sa masa. Mun san gidajen da zumunci ya tsinke saboda an zargi wata tsohuwa ko kishiyar uwa da jifa, alhali ɗigon jini ɗaya da ya warware maganar. Wani abin takaici kuma, mai ƙishirwar nan yakan nemi kashe ta da lemon kwalba, ko kunun zaƙi, ko zoɓo mai sukari, alhali ƙaramar kwalbar lemo ɗaya na iya ɗaukar sukari wajen cokalin shayi 8 ko 9. Ya sha, sukari ya ƙara hawa, fitsari ya ƙaru, ƙishirwa ta dawo.

Mutanenmu da yawa sun san cewa in kiyashi ya taru inda mutum ya yi fitsari, to, akwai magana. Gaskiya ne, amma kiyashi mai kawo labari a makare ne. A yawancin mutane sukari ba ya sauka cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini, alhali likitoci na ɗaukar 126 kafin karin kumallo a matsayin ciwo. Tsakanin lambobin nan biyu mutum na iya yin shekaru, ba alama ko ɗaya, ciwon kuwa yana cin ƙananan jijiyoyin jini na ido, da ƙoda, da ƙafa. Ba abin mamaki ba ne a ga wanda ranar da aka fara gaya masa yana da sukari ita ce ranar da aka kwantar da shi saboda shanyewar ɓarin jiki, ko ranar da likita ya ce sai an yanke yatsan ƙafa. Ciwon kuma yana raunana garkuwar jiki, har mai shi ya fi saura saurin kamuwa da tarin fuka.

To, su wane ne ya kamata su gwada? Ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka, tun daga 2022, tana ba da shawarar kowa ya fara gwaji daga shekara 35, in kuma an ga lafiya a maimaita bayan shekara uku. Amma akwai waɗanda bai kamata su jira shekarun ba: wanda uwarsa, ko ubansa, ko ɗan'uwansa ciki ɗaya ke da ciwon, mai hawan jini, mai ƙiba, musamman mai tumbi, wanda aikinsa na zama ne daga safe har yamma, da macen da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin fiye da kilo 4, ko aka taɓa ce mata sukarinta ya hau lokacin goyon ciki. Mai juna biyu kuwa akan gwada ta tsakanin mako na 24 da na 28, ƙarin dalili ke nan na zuwa awo. Kada siriri ya ce shi ya tsira. A ƙasashenmu ana samun ciwon har ga manomin da ba shi da kitse ko kaɗan.

Muna jan kunnen iyaye game da yara. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, ba ya ba da lokaci. Yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya dawo yi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ramewa cikin 'yan makonni, a gwada shi ranar nan. In ya kai ga amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da magagi, a ruga asibiti ko da tsakar dare ne, a kuma roƙi a duba sukarinsa, kada a tsaya a kan maleriya kaɗai.

Gwajin kansa ba wuya. Mutum ya kwana awa 8 bai ci ba, bai sha komai ba sai ruwa, da safe a ɗan tsaga yatsa a ɗiga jini a kan 'yar takardar na'ura, kafin minti ɗaya lamba ta fito. Ma'auni biyu ne ake amfani da su, don haka kada lamba ta rikita mu: 126 a wata na'ura ita ce 7.0 a wata. Ƙasa da 100, wato 5.6, lafiya. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, ciwon na bakin ƙofa. Daga 126 zuwa sama sai a tafi asibiti a sake gwadawa a ɗakin gwaji kafin a yanke magana. Wanda ke da alamomi kuma aka sami 200, wato 11.1, ko da ya ci abinci, kada ya ɓata lokaci. Akwai wani gwajin mai suna HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, kuma 6.5 ita ce iyakarsa. Sai dai mai sikila ko mai ƙarancin jini ya gaya wa likita, gama wannan gwajin na iya ba da amsar da ba daidai ba a jikinsu.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce ba kuɗi. Ba mu raina wannan magana ba, rayuwa ta yi tsada. Amma a gwada kuɗin gwaji ɗaya da kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako, wanda kan cinye gona da gida. Wani zai ce shi ba ya shan sukari. Mun riga mun ga cewa tuwon ma sukari yake zama, ga gado, ga shekaru, ga rashin motsa jiki. Wani zai ce yana shan shuwaka da sauran ɗaci kowace safiya. Ɗaci a baki ba ya nuna abin da ke cikin jini, na'ura ce kaɗai ke nunawa. Wani kuma zai ce shi ya dogara ga addu'a. Ba wanda ya ce a daina addu'a. Amma masu bin da suka gina asibitin Vom da na Jan Kwano a Jos ba don ƙarancin bangaskiya suka gina su ba.

Babban abin da ke hana mutane, a ganinmu, tsoro ne. Suna ganin gara kada su sani. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma ciwon ba ya jiran mu san shi kafin ya yi ɓarna. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka yi aikin da ya kai ga samun insulin a birnin Toronto na Kanada, yaron da ya kamu da ciwon ba ya daɗewa a duniya. Yanzu ba haka ba ne. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a fili cewa ya fi shekara 30 yana tare da ciwon sukari, kuma ya ci gaba da harkokinsa har cikin tsufa. Ga wanda aka kama a bakin ƙofa kuwa labarin ya fi daɗi. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu lambar gargaɗi da suka rage ƙiba kaɗan, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Minti 150 a mako ai tafiyar rabin awa ce da sauri kwana biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an san inda ya karkata.

Saboda haka muna kira ga dattawan ikkilisiyoyi, da zumuntar mata, da ta maza, da ta matasa. Da wuya a sami babbar ikkilisiya da ba ta da nas ko ma'aikacin lafiya a cikinta. A ware safiya ɗaya, ko sau biyu a shekara, a sanar tun mako guda kafin nan cewa kowa ya zo bai karya ba. A haɗa kuɗi a sayi na'ura da takardun gwaji waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba. Kowane mutum da tasa sabuwar allura, ba a maimaitawa, don kada garin neman lafiya a raba ciwon hanta. A auna hawan jini a zama ɗaya, tun da su biyun sukan tafi tare. A gaya wa kowa sakamakonsa a keɓe, domin sirrinsa ne. Wanda lambarsa ta hau a rubuta masa a takarda a tura shi asibiti, a kuma sa wani ya bi sawu ya ga ko ya je. A buɗe ƙofa ga dukan maƙwabta, gama ciwon ba ya tambayar addini ko ƙabila. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda aka kafa a 1991, kuma makonta lokaci ne mai kyau na farawa.

Amma kafin kwamiti ya zauna, kowannenmu ya fara da gidansa. Maigida, in uwargida ta ce tashinka na dare ya yi yawa, kada ka ce mata tsufa ne. Uwargida, kin kai yara rigakafi, kin kai miji asibiti, yaushe rabon da a duba ki? Ku 'ya'ya da ke aiki a birni, in kun je gida hutun Kirsimeti da buhun shinkafa da katan na lemo, ku ɗauki Baba da Mama ku kai su a gwada jininsu kafin ku koma.

Allah ya ba mu lafiya, ya kuma ba mu hikimar lura da ita.