Sola a Ƙasar Ƙanƙara da Sola a Potiskum: Wa Zai Hau Ya Share?

A yau ina so ne mu ɗan taɓa zancen wutar sola, kuma da kaina zan fara, don kada wani ya ce da shi nake.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoban 2024 layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir sun lalace, har akasarin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. A lokacin ne na ce na gaji, na tattara ɗan abin da nake da shi na sayi farantan sola huɗu da inbata da batir biyu, aka kafa mini a gidana da ke Bolewa, nan cikin Potiskum. Watannin farko har maƙwabta na zuwa cajin waya. Kafin shekara ta zagayo, batiran ba sa iya kai mu ƙarfe 11 na dare. Na kira yaron da ya yi aikin ina ta faɗa. Bai ce mini komai ba, sai ya ɗauko tsani ya hau, ya ja yatsa a kan faranti ɗaya ya sauko ya nuna mini. Sannan ya ce, "Baba, yaushe rabon da a wanke su? Kuma wa ke guga da daddare?" Na rasa ta cewa.

Bayan wannan ne ɗana ya nuna mini hoton wata tashar bincike a nahiyar Antatika, wato can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara. Tun daga nan nake ta karance-karance a kanta. Ƙasar Beljiyam ce ke da ita, sunanta tashar Gimbiya Elisabeth, an buɗe ta ranar 15 ga Fabrairun 2009. An gina ta ne don ta rayu da rana da iska: ga farantan sola, ga injinan iska guda 9, ga ɗakin batura, janareta kuwa ajiye yake don ko-ta-kwana. Da wannan wuta suke narka ƙanƙara su sami ruwan sha, da ita suke girki, da ita na'urorin bincike ke aiki.

Mai karatu zai ce, yaya za a yi sola a wurin da ba rana? Ai akwai rana, sai dai rabonta ne ya bambanta da namu. A tsakiyar nahiyar, rana kan yi kusan wata 6 ba ta faɗi ba, sannan ta yi wata 6 ba ta fito ba. Shi ya sa masu binciken wannan tasha ke zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hasken bai yankewa. Wani abin mamaki kuma shi ne, sola haske take so, ba zafi ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin na raguwa da kamar kashi 0.4 cikin 100. A nan Potiskum, cikin Afrilu, idan gari ya haura digiri 40, farantin da ke kan kwano na iya kai wa 65, ka ga kusan kashi 16 ya tafi tun ba a zo kan ƙurar hunturu ba. Su kuwa can sanyi na taimakonsu, farar ƙanƙara kuma tana maido musu da hasken.

Ba kowa ne ya kai Beljiyam ba. Tashar Casey ta ƙasar Ostireliya ta kafa faranti 105 a shekarar 2019, a tsaye jikin bango suna fuskantar arewa, saboda rana a can ba ta hawa tsaka kamar tamu. Kilowat 30 suke bayarwa, kamar kashi 10 cikin 100 na buƙatar tashar, sauran kuma man dizal ne. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka sola tsafi ce.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tashar Beljiyam ke rabon wutarta. Akwai kwamfutar da ke lissafin abin da ya shigo da abin da ya rage a batir, kuma an jera mata buƙatu daki-daki. Abin da ya shafi tsaron rai shi ne na farko, sai ruwa da tafiyar da tasha, sai aikin bincike, sai girki da wanki, kallo da nishaɗi su ne na ƙarshe. Idan wuta ta yi ƙasa, daga ƙarshen layi ake fara yankewa. Manyan masana ne a wurin, amma kowa ya yarda ya jira rana ta ba shi izini. Ni kuwa a gidana, dutsen guga da firji da talabijin duk a layi ɗaya suke, batiran kuma na cusa su a ɗakin da ya fi kowanne zafi, alhali irin wannan batir na ruwa, duk ƙarin digiri 10 kan rage kusan rabin kwanansa. Mun ɗauki sola kamar wutar layi, wadda idan an kawo sai kowa ya kunna komai kafin a ɗauke.

Nawa asarar gida ɗaya ce. Wadda ta fi ciwo ita ce ta jama'a. Akwai rijiyar burtsatse mai sola kusa da mu, wani ɗan siyasa ya gina. Ba ta ma buƙatar batir, rana na fitowa famfo zai cika tanki, tankin shi ne ma'ajiyarta. Ƙura ta rufe farantan ba wanda ya hau, wata 'yar na'ura ta ƙone ba wanda ya tambayi kuɗinta, daga baya aka wayi gari babu faranti biyu. Yanzu mun koma wa 'yan ga-ruwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin jarka ya koma.

Da na tayar da maganar a majalisarmu bayan la'asar, sai wani dattijo ya ce, "Malam, mu fa baƙi ne, masu gari su gyara." Wannan magana ita ce ban yarda da ita ba. Mahaifina kasuwar shanu ce ta kawo shi daga ƙasar Kano, a nan aka yanke mini cibiya, a nan 'ya'yana ke karatu. Bolewa da Ngizim da Karekare ba su taɓa hana mu ɗibar ruwan ba, don me gyara zai zama nasu su kaɗai? Mukan tara kuɗi mu aika gida a gina masallaci a garin da muke zuwa sau ɗaya a shekara, amma rijiyar da muke alwala da ruwanta kullum mun bar ta. A Antatika babu ɗan ƙasa ko ɗaya. Tun yarjejeniyar 1959 da ƙasashe 12 suka sa wa hannu aka keɓe ta don bincike da zaman lafiya. Kowa a can baƙo ne na ɗan lokaci, duk da haka yana gyara abin da ya tarar saboda wanda zai zo bayansa.

Ni dai shawarata, kafin mu sake roƙon wani ya kafa mana fitilun kan titi, mu ma mu jera namu daki-daki: ruwa tukuna, sai firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa, saura su biyo baya. Kowace rijiya a ɗora ta a wuyan mutum ɗaya mai suna, a riƙa ba shi ɗan ihsani daga asusun unguwa, ya wanke farantan da sassafe kafin su ɗau zafi, ko da sau ɗaya a mako cikin hunturu. Mu kuma tura yara biyu ko uku su koyi gyaran sosai.

Na yi magana da mai unguwa da liman, sun ce a hallara ranar Juma'a bayan sallah. Tsani da bokiti ni zan kawo.