GANI BAI KORI JI BA

Iyayenmu sun ce gani ya kori ji. To ni kam na ce wannan karin magana ta tsufa tun ranar da wayar salula ta shigo ɗakunanmu.

Jama'a, ku tuna watan Yunin 2018 a Jihar Filato. Ana tsakar rikicin Barikin Ladi aka watsa hotuna a Facebook, har da bidiyon wani da aka fasa wa kai, aka ce aikin Fulani ne. Washegari samari suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota, mutum 11 suka baƙunci lahira. An yi kisa a ƙauyukan, wannan gaskiya ne, amma da BBC ta bincika, ashe bidiyon daga Kwango yake, tun 2012. Wa zai dawo wa matayensu da mazajensu?

Ku kuma 'yan jarida, ban raga muku ba. Sau nawa kuka kashe Shekau? An ba ku labarin mutuwarsa a 2013 da 2014, kuka buga da manyan baƙi, sai ga shi ya fito a bidiyo yana dariya. Bai mutu ba sai 2021. Haba! In kun saba mana da ƙarya, ranar da kuka zo da gaskiya wa zai saurare ku?

Kada mu ce abin yana nesa. Mu nan Haɗejiya, kowace kaka gabanmu faɗuwa yake saboda manoma da makiyaya a fadamun Guri da Kirikasamma. Kwanaki wata ƙawata ta turo min hoton gawawwaki, wai daga can ne, wai in tura wa mutum goma. Na ce, "Ke Hajiya, wa ya ɗauka?" Ta ce ita ma turo mata aka yi. Wallahi har yau ba ta faɗa min sunan ƙauyen ba. Alhali ƙanena yana noman shinkafa a wannan fadama, mai kawo mana nono kuma Bafulatana ce.

Ni marubuciya ce, ƙaga labari sana'ata, amma a bangon littafi nake faɗa cewa ƙage ne. Kai da ke yaɗa ƙagen da ke zub da jini, me za ka ce gobe ƙiyama? Magana zarar bunu ce. 'Yan'uwana mata, kafin yatsa ya danna, a tambaya: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In babu amsa, a goge.

Allah ya sa mu gane.