Ra'ayinmu: Wandon Jins, Hoto da Garin da Muke Ciki



Da muka dawo daga hutun da ya wuce, mun yi ta kallon hotunan da abokanmu suka ɗauka. Kusan duk iri ɗaya ne: wandon jins, farin takalmi, an jingina da motar da ba ta gidan mai hoton ba ce, ko an tsaya a gaban ƙofar gidan wani attajiri. Ba mu ce ɗaukar hoto laifi ne ba, mu ma muna ɗauka. Amma a taron ƙungiyarmu mun tsaya a kan tambaya guda: in an nuna wa wani hotunan nan bayan shekara ashirin, me zai gane game da mu da garin da muka tashi a ciki?

Abin da ya jawo maganar shi ne wasu mutane da ake samu a Japan da Amurka da Turai, masu son wandon jins so na haƙiƙa. Suna sayen wandon da ba a wanke shi a masana'anta ba, mai tauri, mai shuɗi kamar baƙi. Sai mutum ya yi ta sa shi wata da watanni, wasu har wata shida kafin wankin farko. Duk inda ya je yakan ɗauki hoton wandon: a tashar jirgin ƙasa, a kan dutse, a lungun tsohon gari, a cikin kangon masana'antar da aka rufe. A hankali wandon ya fara koɗewa a gwiwa da cinya da bayan gwiwa, shacin waya ko jakar kuɗi ya fito a jikin aljihu. Wannan koɗewar ita suke nema, domin ba za a samu mutum biyu da wandonsu ya koɗe iri ɗaya ba. In ya yage su kai a yi masa faci su ci gaba da sawa.

Akwai dalilin da ya sa jins ke koɗewa haka. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa da shuni, zaren kwance fari ake barinsa, shi ya sa cikin wandon ya fi wajensa haske. Kuma shunin a bayan zare yake zama, tsakiyar zaren tana nan fara. Duk wurin da ke gogar wani abu, shuɗin yana kankarewa farin ya bayyana.

Shi kansa wandon asalinsa kayan aikin ƙarfi ne. Wani tela mai suna Jacob Davis a garin Reno na Amurka ya fara buga ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu don kada ya yage. Ya haɗa kai da ɗan kasuwar da ke sayar masa da yadi, Levi Strauss na San Francisco, suka karɓi takardar mallakar wannan fasaha ranar 20 ga Mayu, 1873. Masu haƙar ma'adinai da manoma da makiyaya su ne suka fara sa shi. A Japan kuwa, yankin Kojima na lardin Okayama, wanda ya yi suna wajen ɗinka kayan makaranta, ya koma ɗinka jins a shekarun 1960. Yau har titi guda ke gare su na shagunan jins, mutane na tahowa daga ƙasashe don su gani su ɗauki hoto.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, shunin da ake hawa jirgi don a je a gani a Kojima, sana'ar kakanninmu ce. Marinar Ƙofar Mata tana nan cikin birnin Kano, kuma shekarar 1498 ake bayarwa a matsayin lokacin kafa ta. Da baba da toka da kanwa da ruwa ake haɗa rinin a rami, a bar shi ya yi kwanaki ya nuna. Marini ya tsoma yadi ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa, har launin ya kama yadda yake so. Daga nan a kai mabuga a buge shi ya yi sheƙi. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa, wanda ke barin shuɗi a fuska, daga ƙasar Kano yake fita. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897, kuma da irinsa ake rina kusan duk jins ɗin da muke sawa. Yau duk wanda ya je Ƙofar Mata zai ga da yawa daga cikin ramukan sun cike da ƙasa, kaɗan ne ke aiki.

Mun tambayi juna a ƙungiya ko su wa suka taɓa shiga marinar. Hannuwan da aka ɗaga ba su kai rabinmu ba, alhali kusan kowa ya sha wucewa ta wurin a Adaidaita Sahu.

Ra'ayinmu shi ne mu ɗauki abu biyu daga masu son jins ɗin nan. Na farko riƙon kaya. Mu muna zuwa Kasuwar Wambai mu zaɓi wandon gwanjo da wani ya riga ya koɗar, ko mu biya ƙarin kuɗi a kan sabon da aka yayyaga da gangan a masana'anta, bayan wata biyu kuma mu ce ya tsufa, mu matsa wa iyaye su sake sayen wani. A wannan tsadar rayuwa, ɗalibin da ya riƙe wando ɗaya mai kauri shekara biyu, ya kai wa tela ya yi masa faci, ya fi mu wayo, kuma ya tausaya wa mahaifinsa. Na biyu, sanin wurin da mutum ya tsaya. Yawancinsu sukan rubuta sunan wurin da abin da ake yi a can a ƙarƙashin hoton. Mu ma muna da Dutsen Dala, da Gidan Makama, da Kasuwar Kurmi, da ƙofofin gari, da abin da ya rage na badala. Hoton da aka ɗauka a waɗannan wurare, da kwanan wata da layi biyu na bayani, zai yi amfani ko bayan wandon ya zama tsumma.

Akwai kuma abin da bai kamata mu kwaikwaya ba. Mun san wasu cikinmu za su ce barin wando wata shida ba wanki ƙazanta ce. Gaskiyarsu. Mu masu salla sau biyar ne a rana, a gari mai zafi da ƙura, tufafin da najasa ta taɓa ba a jira da shi sai ya yi kyan hoto. A wanke, zai koɗe a lokacinsa. Haka nan shiga kangaye. A can ma masu yin haka sukan faɗa hannun 'yan sanda don shiga wuri ba izini, wasu su ji rauni. A nan kango yana iya zama maɓoyar macizai ko ta 'yan shaye-shaye, rufin da ya ruɓe kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya rufto. Masaƙun da aka rufe a Kano da Kaduna suna da masu su da masu gadinsu. Wanda ke son labarinsu ya nemi tsohon ma'aikaci a unguwarsu ya yi hira da shi. Badala ma ƙasa ce, ruwan sama da masu ɗiban ƙasa sun riga sun cinye da yawa daga cikinta, duk wanda ya hau don hoto yana ƙara zaizaye ta. A tsaya daga ƙasa a ɗauka.

Wasu malamanmu da iyayenmu kuma suna ganin jins ɗin gaba ɗaya kayan aro ne, ba namu ba. Muna girmama wannan magana, kuma mun yarda wandon da ya matse jiki ko aka zazzago shi ƙasa da ƙugu bai dace da tarbiyyarmu ba. Amma dai jins ya riga ya shiga akwatinmu, kuma za a iya sa shi da mutunci. Riga da aka rina a Ƙofar Mata tana hawa a kan wandon jins daram, kuɗin kuma ya shiga aljihun marini ɗan garinmu.

In kun je marina, ku tuna wurin neman abincin wasu ne. A yi sallama, a gaida dattawa, a ce "Baba, ko za mu iya ɗaukar hoto?" kafin a ɗaga waya. In akwai hali a sayi ko ɗan kyalle ne.

Ƙungiyarmu ta ware gefen dama na wannan allo daga mako mai zuwa har ƙarshen zangon karatu. Duk ɗalibin da ya ɗauki hoto a wani wurin tarihi ko wurin sana'a na garinsu, da jins ko da kaftani ko da hijabi, ya kawo mana shi tare da sunan wurin, ranar da aka ɗauka, da abu ɗaya da ya koya daga bakin mutanen wurin. Sharaɗinmu biyu ne: a ɗauka da izini, kuma ban da hawa badala ko shiga kango. Sakataren ƙungiya zai riƙa karɓa kowace Laraba bayan an tashi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta