Kira ga Hukumomin Ilimi: A Mayar da Bitar Adabi Kan Littafi

Zuwa ga masu girma Kwamishinonin Ilimi na jihohinmu, da shugabannin hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma na kawo kuka ne game da yadda muke yi wa ɗalibai bitar adabi da auna fahimta kafin jarrabawar WAEC da NECO.

Yaranmu sun iya hadda. Ka shiga ajin ƙarshe ka ce, "Mene ne jigo?" za su amsa da murya ɗaya cewa shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa. Ka tambaye su salo, ko zubi da tsari, ko tauraro, ko bambancin baiti da ɗango, duk suna nan a bakinsu. To, amma miƙa wa ɗayansu shafi guda na Magana Jari Ce, ka ce ya karanta sannan ya gaya maka dalilin da ya sa aku yake ta jan Musa, ɗan sarki, da labari bayan labari. A nan za ka ga ya sunkuyar da kai, yana bin layuka da yatsa, yana neman jimlar da zai kwafo. Ba zai same ta a shirye ba. Sai mai karatu ya haɗa tafiyar Sarki Abdurrahman yaƙi da makircin Waziri, kafin ya gane cewa aku tsare Musa yake yi don kada ya fita. Wannan haɗawar ita ce fahimta, kuma ita ce ba mu koyar da su yadda ya kamata.

Ba laifin yaran ba ne. A makarantu da yawa kwafi ɗaya ne na littafin da aka sa a manhaja, shi ma a hannun malami. Malamin sai ya rubuta taƙaitaccen labarin a allo, da sunayen taurari da jigo, yara su kwafe. Haka yaro zai rubuta jarrabawa a kan Ruwan Bagaja bai taɓa jin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke shirya wa juna tsiya ba, bai yi dariyar da Abubakar Imam ya tanadar masa tun 1934 ba. Ta yaya wanda bai ɗanɗani labari ba zai yi magana a kan salonsa?

Abin da ya fi damuna shi ne, adon harshen da muke wahalar da su a kansa yana nan a bakinsu kullum. Yarinyar da ta ce wa ƙawarta "ke kura ce" ta yi siffantawa. Da ta ce "kina ci kamar kura", da kamantawa ta yi. Yaron da ya ce rana ta leƙo ya yi mutuntarwa bai sani ba. Da daga nan muke farawa, mu bi ta karin magana da kirari da waƙoƙin da suke ji a gida, sannan mu sa wa abin suna, da sunan ya zauna. Mu kuwa sunan muke fara ba su, misali ya biyo baya in lokaci ya bari.

Don haka, ranku ya daɗe, roƙona na farko littattafai ne. A sayi waɗanda aka zaɓa na zube da waƙa da wasan kwaikwayo, ko da ɗalibai uku za su haɗu a kan kwafi ɗaya, a kuma kai su makarantu tun yara suna aji huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai zango na ƙarshe muke tara su kan tambayoyin shekarun baya.

Ina kuma roƙo a keɓe darasi ɗaya kowane mako don karatu kawai: yaro ya karanta a bayyane, ya rufe littafi, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa, abokansa su yarda ko su ja da shi da hujja daga shafin. Masu duba makarantu in sun zo, su zauna su ji wannan darasi, kada su tsaya ga duba kundin shirin malami.

Akwai kuma batun sunaye. Wannan littafi ya ce amsa-amo, wancan ya ce ƙafiya; wannan kamantawa, wancan kamance. Manazarci ba zai ruɗe ba, amma ɗan shekara goma sha shida yakan ɗauka abubuwa biyu ne. Malamanmu sun riga sun share hanya: ga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ga ayyukan Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo kan feɗe waƙa, da na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan waƙar baka. Abin da ya rage shi ne NERDC ta zauna da sassan Hausa na jami'o'i da masu shirya jarrabawa, a fitar da ɗan ƙaramin jagora na sakandare, kowace kalma da takwarorinta da misali daga littattafan manhaja.

Daga ƙarshe, a tuna da malaman. Akwai makarantun da ake ɗora darasin Hausa a kan duk wanda yake jin harshen, ko da wani fanni ya karanta. A ɗauki waɗanda suka karanci Hausa a kwalejojin ilimi da jami'o'i, waɗanda suke bakin aiki kuma a riƙa shirya musu bita lokacin dogon hutu, a kan yadda ake tsara tambayar da amsarta ba ta kwafuwa daga shafi.

Allah Ya taimake ku, Ya ba ku ikon dubawa.

Naku mai biyayya,
Wani malamin Hausa.